Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin Kama Gida Ko Sayen Fuloti Kusa Da Filin Jirgin Sama

Gabatarwa

A kowace shekara mutane da yawa daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sukan nemi muhalli a Kano ko a Dutse. Wani fatauci ne yake kai shi, kamar masu safarar dabbobi daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da masu cinikin riɗi da zoɓo. Wani canjin wurin aiki aka yi masa, wani kuwa karatun 'ya'ya ne ya sa shi neman ɗaki a birni. Ba ƙaramar dukiya ake zubawa a wannan harka ba. Sau da yawa sai an sayar da shanu, ko an tara kuɗin amfanin gona na shekaru, ko an haɗa da kuɗin sallamar ma'aikacin da ya yi ritaya, kafin a mallaki fuloti guda.

Mai neman gida yakan tambayi ruwa da wuta da hanya, ya tambaya ko ruwa yana kwanciya a unguwar da damina, ya kuma binciki halin maƙwabta. Duk waɗannan tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wata da ba a cika yi ba, ita ce: ta ina jirgin sama yake bi? Dalilin mantawa da ita a fili yake. Jirgin da muke hangowa a samaniyar Gumel ko Maigatari yakan kasance a nisan kilomita 10 ko makamancin haka daga ƙasa, sai dai a ga farin layi a bayansa, a ji ɗan gunji daga nesa. Wanda iyakar saninsa da jirgi ke nan, da wuya ya kawo a ransa cewa akwai unguwannin da jirgi ke ratsa saman rufinsu da tazarar mita 100 zuwa 200 kacal, har malami ya dakata da karatu, mai barci ya farka.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi cewa yawan ƙarar da gida zai sha ya dogara ne ga inda ya faɗo dangane da layin titin da jirage ke sauka da tashi a kansa. Wannan abu ne da kowa zai iya bincikawa da kansa kafin ya biya kuɗi.

Yadda gari ya iske filin jirgin Kano

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na rundunar sojin saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya yi ta sauka a wannan fili daga 1947 har zuwa 2012. A wancan zamani na farko filin yana bayan gari ne, gonaki da fako sun kewaye shi, jama'a kuwa suna cikin ganuwa da Fagge da Sabon Gari.

Yau labari ya sha bamban. Gine-gine sun kewaye filin kusan ta kowace fuska. Ta kudu akwai Sabon Gari da Nomansland da Birged, ta kudu maso yamma da yamma akwai Gwammaja da Kurna da Rijiyar Lemo, ta arewa da arewa maso gabas kuma akwai yankin Fanisau da Jaba. Filin bai matsa ko taku ɗaya ba, gari ne ya je ya same shi. Waɗannan unguwanni suna da abubuwan da ke jan hankalin baƙo, domin suna kusa da manyan kasuwanni irin su Sabon Gari da Singa da Kantin Kwari, ga hanyoyin mota, ga damar samun aiki. Saboda haka ba cewa muke a guje su baki ɗaya ba. Sai dai a cikin unguwa ɗaya ana iya samun layin da ke da sauƙin ƙara da wanda jirgi ke bi ta kansa kai tsaye, dillali kuwa ba lallai ne ya bambanta wa mai saye ba.

Bugu da ƙari, akwai sansanin sojin sama a jikin wannan fili, inda ake horar da matuƙan jiragen yaƙi. Jiragen horo sukan yi ta kewaya fili suna sauka suna tashi, ƙararsu kuma tana da kaifi, ba sa kuma bin jadawalin jiragen fasinja.

Layin titin jirgi

Jirgin sama ba ya sauka ta duk inda ya ga dama. Yana da titi miƙaƙƙe, a kansa yake gudu kafin ya ɗaga, ta kan tsayinsa kuma yake zuwa idan zai sauka. Kowane titi yana da lamba a bakinsa biyu, lambar kuma tana nuna fuskar da ya dosa. Babban titin Kano yana da lamba 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300. Ma'anar 06 ita ce kusurwar digiri 60 daga arewa zuwa gabas, wato arewa maso gabas, 24 kuwa ita ce kishiyarta, wato kudu maso yamma. Titi na biyu mai lamba 05/23 bai kai na farko tsawo ba, amma kusan fuska ɗaya suka dosa. Ke nan idan mutum ya ɗauki taswira ya ja layi a kan titin, ya zarce da shi ta ɓangarorin biyu, to unguwannin da layin ya ratsa su ne suka fi shan ƙara.

Jirgin da zai sauka yakan miƙe a kan wannan layi tun daga nisan kilomita 10 ko fiye, yana gangarowa a hankali bisa kusurwar digiri 3. Bisa wannan lissafi, idan saura kilomita 10 ya isa bakin titi, yana kimanin mita 540 a sama. A kilomita 5 yana kimanin mita 280, a kilomita 2 kuwa bai fi mita 120 ba. Jirgin da zai tashi ya fi ƙara, domin injinansa suna aiki da kusan dukkan ƙarfinsu, sai dai yana hawa sama da sauri, yakan kuma karkata zuwa hanyarsa bayan ɗan lokaci. Haka kuma a lokacin zafi iska takan yi sako-sako, jirgi mai nauyi ba ya hawa da sauri kamar a lokacin sanyi, sai ya ratsa unguwannin bakin titi yana ƙasa-ƙasa.

Wannan shi ya sa gidan da ke kilomita 2 a gefen titin jirgi zai iya fin kwanciyar hankali a kan gidan da ke kilomita 5 amma a kan layin. Na gefe yakan ji rugugin inji lokacin da jirgi ke gudu a ƙasa ko yake taka birki, amma gine-ginen da ke tsakani suna rage masa. Na kan layi kuwa daga sama ƙarar take sauko masa, babu abin da ya tare ta.

Hunturu da damina

A nan ne masu saye da yawa suke ruɗuwa. Jirgi yana tashi ne yana kuma sauka yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugun gabansa tana taimaka masa ɗagawa da tsayawa. Manomanmu sun fi kowa sanin cewa iskar ƙasarmu kashi biyu ce. Da hunturu takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta taho da hazo daga Sahara. Da damina kuwa takan juyo daga kudu maso yamma, ta taho da danshi daga teku. An shimfiɗa titin Kano ne daidai da waɗannan iskoki biyu.

Saboda haka da hunturu jirage sun fi zuwa sauka ta kudu maso yamma, su ratsa saman gari, su kuma tashi su dosa arewa maso gabas. Da damina sai abin ya juya, su fi tashi ta saman unguwannin kudu maso yamma, su sauko ta arewa maso gabas. Idan iska ba ta da ƙarfi, masu ba jirage umarni na iya amfani da kowane ɓangare. Mutumin da ya duba gida a watan Janairu ya ji ƙarar ba ta dame shi ba, yana iya samun wani hali dabam a watan Agusta.

Daɗin daɗawa, akwai lokutan da zirga-zirga ke ƙaruwa ƙwarai, musamman lokacin jigilar alhazai da Umarar watan azumi. A irin wannan lokaci akan yi amfani da manyan jirage, an daɗe ana ganin irin su Boeing 747 a wannan aiki, suna kuma iya tashi ko sauka a tsakiyar dare. Da yake lokacin aikin Hajji yana matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara ta Miladiyya, ɓangaren garin da ya fi jin tashin jiragen alhazai yana sauyawa bayan wasu shekaru.

Yadda ake auna ƙara

Ma'aunin ƙara sunansa desibel. Daren ƙauye mai tsit yakan kasance wajen desibel 30, hira tsakanin mutum biyu wajen 60. Babban jirgi da ke wucewa a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci yakan kai tsakanin 75 da 90, gwargwadon girmansa da tsufansa da kuma ko sauka zai yi ko tashi. Ba a ƙirga desibel kamar yadda ake ƙirga mudu. Duk ƙarin desibel 10, kunne yakan ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Duk lokacin da nisa tsakanin mutum da tushen ƙara ya ninka kuwa, takan ragu da kimanin desibel 6.

Hukumomi ba sa duba ƙarar jirgi ɗaya kawai, sukan ɗauki matsakaicin abin da aka ji a yini da dare, su ƙara wa na dare nauyi saboda illarsa ga barci. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ƙasashen Turai, inda ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage ya wuce desibel 45 a yini da dare gaba ɗaya, kada kuma ya wuce 40 da daddare. A Amurka, hukumar kula da jiragen sama tana ɗaukar wurin da matsakaicinsa ya kai desibel 65 a matsayin wanda bai dace da gidajen zama ba. A nan gida, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009, inda ta sa iyakar unguwannin zama a desibel 50 da rana da 35 da dare.

A yanzu akwai manhajojin wayar salula da ke auna ƙara. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa mutum ya gwada gida biyu ya ga wanda ya fi.

Illa ga lafiya da karatun yara

An saba jin mazauna irin waɗannan wurare suna cewa ai mutum yakan saba. Gaskiya ne hankali yakan daina lura, amma bincike ya nuna jiki ba ya sabawa gaba ɗaya. Ko da mai barci bai farka ba, wucewar jirgi takan sa bugun zuciyarsa ya ƙaru, barcinsa ya yi sama-sama. Wani bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya shafi mutum kusan 5,000 da suka daɗe suna zaune kusa da manyan filayen jirage shida a Turai, ya gano cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar jirage da dare yana tafiya da ƙarin haɗarin hawan jini na kashi 14 cikin ɗari. Saboda irin wannan ne aka hana jirage sauka da tashi a filin Frankfurt na ƙasar Jamus daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba tun daga 2011.

Abin ya fi tayar da hankali a kan yara. A 2005 an wallafa sakamakon binciken da aka yi kan yara kimanin 2,800 'yan shekara 9 zuwa 10 a makarantun da ke kewaye da filayen jiragen Landan da Amsterdam da Madrid. An samu cewa yayin da ƙarar jirage ke ƙaruwa a makaranta, fahimtar karatun yara tana raguwa, ko da an yi la'akari da bambancin arzikin iyaye. A birnin Munich na Jamus kuma, an rufe tsohon filin jirgi an buɗe sabo a wani wuri a 1992. Masu bincike suka bi yaran wuraren biyu. Na kusa da tsohon fili, karatunsu da riƙon abin da suka koya suka inganta bayan an rufe shi, na kusa da sabon kuwa nasu ya ja baya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ke haddar Alƙur'ani da asuba, da ɗalibar da ke shirin jarrabawa, da malamin da ke koyarwa a ajin da tagoginsa ke buɗe, duk natsuwa suke bukata. Haka ma mai jego da jariri da tsoho da mai fama da hawan jini. Magidancin da ke da irin waɗannan a gidansa ya fi kowa bukatar ya yi wannan bincike.

Abin da gini zai iya da wanda ba zai iya ba

A ƙasashen sanyi akan rage ƙara ta hanyar sa tagogi masu gilashi biyu a rufe su ruf. Wannan dabara ba ta cika yi mana amfani ba. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta tsananta, mafi yawan iyalai a tsakar gida suke kwana, ko su bar ƙofa da taga a buɗe, ga kuma rashin tsayayyar wutar lantarki. Rayuwar gidan Bahaushe, daga girki da wanki zuwa hira da karatun yara, a tsakar gida take gudana, tsakar gida kuwa sama take kallo.

Katanga mai tsawo tana rage ƙarar mota da babur, amma ba ta tare wadda ta zo daga sama. Haka ma itatuwa irin su darbejiya, suna ba da inuwa suna rage ƙura, amma tasirinsu a kan ƙarar jirgi kaɗan ne. Abin da ke taimakawa shi ne nauyin rufi. Kwano zalla ba tare da silin ba ba ya tare komai, wani lokaci ma har rawa yake yi. Rufin dakin na kankare, ko soro mai kaurin ƙasa irin na iyayenmu, ko aƙalla kwano mai silin mai kauri, sun fi riƙe ƙara. Toshe kafofin da ke jikin taga da ƙofa shi ma yana ragewa. Duk da haka, wannan sauƙi a cikin ɗaki ya tsaya. Ana iya sake fenti, a haƙa rijiya, a ja wuta, amma babu maginin da zai kawar da gida daga ƙarƙashin hanyar jirgi.

Akwai kuma batun darajar gida. Nazarin da aka yi a Amurka ya nuna ƙarin desibel 10 yakan rage kuɗin gida da kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Idan aka ga fuloti ya yi araha fiye da na kewayensa, ya kamata a nemi dalili.

Tsaron rai da kiyaye doka

Tafiya a jirgin sama tana cikin hanyoyin sufuri mafi aminci, amma yawancin haɗurran da kan faru, a lokacin tashi ko sauka ne. A ranar 4 ga Mayu 2002 wani jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 da ya tashi daga Kano zai tafi Legas ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa. Fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, da mazauna unguwar da ke cikin gidajensu. A ranar 3 ga Yuni 2012 ma jirgin kamfanin Dana ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Legas yana shirin sauka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake barin fili babu gini a bakin titin jirgi.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora wa Gwamna riƙon amanar filaye, shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Dokar ta ba da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, diyya kuwa akan biya ta ne a kan gini da amfanin gona da itatuwa. Wanda ya sayi fulotin awon igiya, daga baya aka gano yana cikin filin da aka keɓe wa hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, wato FAAN, yana cikin haɗarin rasa ginin da kuɗinsa. Haka nan duk gini mai tsawo kusa da filin jirgi, kamar bene mai hawa da yawa ko hasumiya ko turken sadarwa, sai an nemi izinin tsawo daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA.

Masu sha'awar kiwo su ma su lura. Juji da mayanka suna tara shirwa da sauran tsuntsaye, tsuntsu kuwa idan ya shiga injin jirgi yana iya lalata shi. Saboda haka hukumar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta ba da shawarar a sa ido kan irin waɗannan wurare har nisan kilomita 13 daga fili. A 2005 wani jirgin Air France ya yi karo da shanu a kan titin filin jirgin Fatakwal yayin da yake sauka. Kiwon sake da kiwon tattabaru masu yawa ba su dace da maƙwabtan filin jirgi ba.

Matakan da muke ba da shawarar a bi

Na farko, a duba taswira, ko ta takarda ko ta wayar salula, a ja layin titin jirgi ta ɓangarori biyu, a ga ko gidan yana kan layin ko yana gefe, da kuma nisansa daga bakin titi.

Na biyu, a je a tsaya a wurin da kai, domin gani ya kori ji. A je da sassafe, a koma da yamma, a sake zuwa bayan sallar Isha'i. Kada ziyarar ta tsaya ga lokacin da dillali ya zaɓa. Idan jirgi ya wuce, a gwada ci gaba da magana ba tare da ɗaga murya ba, a tsakar gida da cikin ɗaki.

Na uku, a tambayi mai unguwa da limami da malaman makaranta da dattawan da suka daɗe a wurin. A tambaye su yadda abin yake da damina da hunturu da lokacin alhazai, da ko jariransu na firgita da dare.

Na huɗu, a duba makarantar da yara za su shiga, domin a can za su yi rabin yininsu.

Na biyar, a tantance takardun fili kafin a biya. A Kano a je hukumar tsara birane, wato KNUPDA, da ofishin filaye. A Jigawa a je ma'aikatar filaye ko sashen filaye na ƙaramar hukuma.

Na shida, wanda yake da hali ya fara da haya ta shekara guda, ya ga hunturu da bazara da damina a wurin kafin ya saya.

Darasi ga Dutse da ƙananan hukumominmu

Jihar Jigawa ta sami nata filin jirgi a 2014, kimanin kilomita 10 daga Dutse, wanda a 2023 aka sa wa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi. Zirga-zirgarsa ba ta kai ta Kano ba, an kuma fi jin motsinsa a lokacin jigilar alhazai. Wannan shiru na iya sa mutum ya ga babu laifi a yanka fulotai har jikin shinge. To amma haka filin Kano yake a 1936. A 2001 hukumar ICAO ta amince da hanyoyi huɗu na magance ƙarar jirage: ƙera injina marasa ƙara, tsara amfani da filayen da ke kewaye, gyara hanyoyin tashi da sauka, da taƙaita zirga-zirga. Guda uku suna hannun kamfanoni da hukumomin tarayya. Tsara filaye kuwa yana hannun jiha da ƙananan hukumomi da sarakuna, shi ne kuma mafi sauƙin kuɗi muddin an yi shi da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Filayen da ke kan layin titi sun fi dacewa da rumbunan ajiya da masana'antu da gareji. Makaranta da asibiti da gidajen zama kuwa a kai su gefe.

Babu filin jirgin fasinja a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, amma ƙa'idar ɗaya ce. Jami'in filaye da zai amince da sabon shatin fulotai a bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Maigatari, ko kusa da tashar mota, ko jikin layin dogon da ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru, ko daura da injinan niƙa da casa, ya kamata ya yi tambayar da mai sayen gida a Kano zai yi: daga ina ƙara za ta zo, a wane lokaci, wa kuma zai kwana a ƙarƙashinta?

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman 'yan kasuwa da ma'aikata da masu shirin aurar da 'ya'ya zuwa birni. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan asalin masarautar Gumel mazauna Kano da Dutse da su riƙa raka 'yan'uwansu baƙi wajen duba gida, tun da su suka san unguwannin. Binciken da muka zayyana bai fi ƙarfin kowa ba, kuɗin mota ne da haƙurin 'yan kwanaki. Rigakafi dai ya fi magani.